In za ka je agaji garin da tsunami ta ci: abin da lakar Ishinomaki ta koya mini

Wari ne ya fara tarbar mu tun kafin ido ya ga komai. Motar bas ɗinmu ta baro Tokiyo da dare, ta kwana tana cin hanya sama da kilomita 400 zuwa arewa, da asuba muka shiga Ishinomaki a lardin Miyagi. Wani ya ɗan zuge gilashi, sai ga shi ya cika motar: ruɓaɓɓen kifi, gishirin teku, man inji, da wani abu kamar kwatar da ta shekara ba a yashe ta ba. Ishinomaki garin masunta ne, masana'antun sarrafa kifi jere suke a bakin tashar jiragen ruwa, kuma ruwan ya fasa ɗakunan sanyinsu ya watsa kifin cikin unguwanni. Babu wanda ya ce uffan a motar.

Watan Mayu ne na 2011, ina ɗalibi a Japan. Wata biyu ke nan da girgizar ƙasar ranar 11 ga Maris, mai ƙarfin maki 9.0, wadda ta afku da ƙarfe 2:46 na rana, teku ya biyo bayanta ya hau tudu, abin da ake kira tsunami ke nan. Kusan mutum 15,900 aka tabbatar sun rasu, sama da 2,500 har yau ba a gan su ba. A Ishinomaki kaɗai an rasa sama da mutum 3,000, babu garin da ya kai shi. Mako guda na yi a zuwan farko, daga baya na koma. Duk sanda irin wannan masifa ta sake faɗa wa wani wuri, sai wani ya tambaye ni yadda ake zuwa. Ga abin da nakan gaya masa.

Kada ka yi saurin tashi

Na san yadda zuciya ke yi in ka ga hotunan a talabijin. Ji kake kamar ka saɓa jaka ka kama hanya a daren. Ka danne. Kwanakin farko na masu ceto ne: sojoji, 'yan kwana-kwana, likitoci. A 2011 Japan ta tura sojojinta kusan 100,000 yankin. Hanyoyi sun tsage, man fetur ya yi wuya, abinci da ruwan da ke wurin ba su ishi waɗanda suka tsira ba. Duk wanda ya shigo da motarsa ba tsari ya tare wa motar asibiti hanya, ya kuma sha man da wani ke jira. Ko a girgizar ƙasar yankin Noto ta ranar 1 ga Janairu 2024, hukumomi sun roƙi 'yan sa-kai da su dakata da farko, saboda hanyoyin shiga kaɗan ne kuma sun lalace.

Sai ka jira a buɗe ƙofa, ka bi ta hannun waɗanda ke da tsari. A Japan, majalisar jin daɗin jama'a ta kowane gari, wadda suke taƙaitawa da Shakyo, ita ke buɗe cibiyar 'yan sa-kai bayan bala'i. Ita ke karɓar buƙatun masu gidaje, ta haɗa su da hannuwan da suka zo. Tsari ne da ya ginu bayan girgizar Kobe ta 1995, lokacin da mutane sama da miliyan guda suka kwarara ba tare da an san inda za a sa su ba. Ka duba sanarwar cibiyar a intanet, ka ga ko suna karɓar mutanen nesa ko na lardin kawai. Kada ka dame su da waya, layin nan masu neman taimako ke buƙatarsa. Ni ta hannun wata ƙungiya a Tokiyo na bi, suka yi mana bita ta 'yan sa'o'i, suka raba mu rukuni-rukuni na mutum biyar zuwa shida. In ba ka jin harshen wurin, ka tabbata akwai mai jinsa a rukuninka, wannan ba abin sassauci ba ne.

Kafin ka tashi ka yanki inshorar 'yan sa-kai a ofishin Shakyo na garin da kake zaune, 'yan ɗaruruwan yen ne, ka zaɓi irin wadda ta haɗa da girgizar ƙasa. Ka kuma duba yaushe rabonka da allurar tetanus.

Ka zo da kanka cikakke

Ƙa'idar da suka fi nanata mana ita ce kada ka ci, ka sha, ko ka kwana da abin mutanen garin. Mun kafa tantunanmu a filin Jami'ar Ishinomaki Senshu, inda aka mayar sansanin 'yan sa-kai. Tanti, jakar barci, abincin mako guda, ruwa, tocila, magungunanka, da ledar da za ka zuba shararka ka koma da ita, duk a wuyanka suke. Dare a can yana da sanyi ko a watan Mayu, kuma iskar filin takan so ta tafi da tantin da ba a kafe da kyau ba. Wanka kuwa ka cire rai, tsumma mai danshi ne gatanka.

A kan takalmi zan fi tsayawa. Ka nemi dogon takalmin roba, sannan ka sa masa shimfiɗar ƙarfe a ciki. Ƙarƙashin lakar nan akwai katakai da ƙusoshi tsaye, da fasassun gilasai, da kwanon rufi mai tsatsa, kuma ba ka ganin ko ɗaya. A ranar ta uku na taka ƙusa, na ji ta huda robar ta tsaya cak a jikin ƙarfen. Da babu shi, da a ranar na tashi daga mai taimako na koma wanda za a ɗauka zuwa asibitin da ya riga ya cika. Safar hannu biyu za ka sa, ta yadi a ciki, ta roba mai kauri a waje. Sai takunkumi mai tace ƙura na gaske, irin N95, da tabarau mai rufe gefen ido, da rigar ruwa sama da ƙasa, da hula mai tauri in za ka shiga gini.

In kai Musulmi ne, ka kula da abincin da ake dafawa a rabar. Miyar da aka fi yi a irin wuraren nan, tonjiru, da naman alade ake yin ta. Ka zo da naka, ka kuma gaya wa shugaban rukuni tun farko cewa za ka ɗan keɓe don salla. Ban taɓa samun wanda ya ɓata rai a kan haka ba. Ruwan alwala ma ka sa shi cikin lissafin ruwan da za ka ɗauko.

Abin da ba za ka kawo ba shi ne tsofaffin tufafi da tarkacen da ba wanda ya nema. Na ga ɗakin wasanni cike da kwalaye har kusa da rufi, mutane na ɓata yini guda suna tantance su. In kana so ka ba da wani abu, kuɗi ya fi, ko ainihin abin da cibiyar ta rubuta tana buƙata.

Tambayar farko: ina tudu?

Kafin ka ɗauki shebur, a kowane wurin aiki, ka san inda za ka gudu. Ƙasar ba ta gama motsi ba. A daren 7 ga Afrilu 2011 an sake yin wata girgiza da ta haura maki 7 a gaɓar Miyagi, ƙananan kuwa kullum ne, har kana kwance a tanti za ka ji ƙasa na rawa a bayanka. A tsakiyar Ishinomaki akwai tudun Hiyoriyama, tsayinsa kusan mita 60, nan mutane da yawa suka tsira, suna tsaye suna kallon unguwar da ke ƙasansu tana tafiya. Shugabar rukuninmu ba ta bari mu fara aiki sai ta nuna mana hanya da yatsa, kowa ya maimaita.

In ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko ta daɗe tana rawa ko da a hankali ne, ko aka busa jiniya, ka yar da abin da ke hannunka ka nufi tudu da ƙafa. Mota takan maƙale a cunkoso, mutane da yawa a cikin motocinsu ruwan ya same su. Kada ka sauko don ka ga igiyar farko ta wuce, sau da yawa ta bayanta ta fi ta girma, kuma suna iya ɗaukar sa'o'i suna zuwa. Mutanen wannan gaɓa suna da wata tsohuwar magana, tsunami tendenko, wato in ruwa ya taso kowa ya yi ta kansa zuwa tudu, kada ya koma neman wani, domin wancan ma an koya masa ya gudu. Da farko na ji ta da tsauri. Sai da aka ba ni labarin makarantar firamare ta Okawa, a bakin kogin Kitakami cikin yankin Ishinomaki, inda aka tsaya a fili kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, alhali ga tudu a bayan makarantar. Yara 74 da malamai 10 ruwan ya ci. Tun daga ranar ban sake jin nauyin tambayar ina tudu ba, ko da kuwa kowa ya ƙosa a fara aiki.

Ka riƙe ƙaramin rediyo. Ka kuma san lokacin cikar teku, domin girgizar ta sa ƙasa ta nutse, a wasu wurare fiye da mita guda, har titin da ka bi da safe a bushe kan koma tafki da yamma.

Laka

Yawancin aikin laka ne, kuma gara ka san haka tun daga gida. Ba irin taɓon bayan ruwan sama ba ce. Baƙa ce, mai yauƙi, daga ƙasan teku ta taso, ta gauraya da mai da najasa da magungunan masana'antu. Tana jiƙe tana da nauyi kamar siminti, in ta bushe ta zama ƙura mai shiga huhu. Ta shiga kowane lungu: cikin aljihun tebur, cikin tukunya, ƙarƙashin daɓen katako.

A gida, kayan ɗaki ake fara fitarwa. Tabarmin tatami da suke shimfiɗawa a daɓe kauri gare su, in sun sha ruwa guda ɗaya sai mutum uku ko huɗu. Kada ka gwada ƙarfinka a kai, bayanka za ka ɓata. Firij kuwa kada ka buɗe shi. Wata biyu ba wuta, ka san abin da ke ciki. A naɗe shi da tef a fitar da shi a rufe. Daga nan masu sanin aikin kafinta su ɓamɓare katakon daɓe, a kwashe lakar da ke ƙasa, a bar wurin ya sha iska, wani lokaci a barbaɗa farar ƙasa don kashe ƙwayoyin cuta. In aka bar lakar a ƙasan, katakon ruɓewa zai yi, warin kuma ba zai bar gidan ba.

Ga yadda muke yi: mutum ɗaya ya riƙe bakin buhu, ɗaya ya zuba da shebur, ɗaya ya ɗaure, ɗaya ya tura baro zuwa bakin titi. Buhun kada ya wuce rabi da kaɗan. Sabon zuwa yakan cika shi taf don a ga ƙoƙarinsa, sai ya ƙi ɗauruwa, ya ƙi ɗaguwa, wani lokaci ya fashe a hannun mai lodi. Shara kuma ba a haɗa ta wuri ɗaya: katako daban, ƙarfe daban, kayan lantarki daban, tatami daban, buhunan laka daban. In ka ci karo da tulun gas, ko durom ɗin da ba ka san abin da ke ciki ba, ko waya a ƙasa, ka ja baya ka kira shugaba. Haka nan in ka ga abin da ya yi kama da gawa ko ƙashi, kada ka taɓa, 'yan sanda ake kira.

Kwatocin gefen titi su ne aikin da ya fi cin rai. Sai an ɗaga murfin kankare ɗaya bayan ɗaya, a sunkuya a kwaso lakar da ƙaramin shebur. Yini guda mutum shida ba mu fi 'yan mitoci ba. Amma damina na tafe a watan Yuni, kuma kwatar da ta toshe tana nufin ruwa ya sake shiga gidan da aka gama gyarawa.

Kowace sa'a a huta, a sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, domin cikin rigar roba gumi kake yi ba ka sani ba. Kada ka kai hannu fuska. Ko ƙaramin yanka ne ka wanke shi nan take da ruwa mai tsabta, ka faɗa. Wajen ƙarfe uku zuwa huɗu ake tashi, ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba, a koma a wanke shebur da baro da takalma kafin duhu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Nan ne na yi kuskuren da har yau yake min nauyi. Gidan wani dattijo muke aiki, muna ce masa Otosan, wato Baba, kamar yadda ake kiran manya a can. Layin da ruwa ya bari a bangon ɗakinsa ya haura kaina. Ina kwashe tarkace a wani lungu, na ciro jakar makaranta ta yara, irin mai tauri da suke goyawa, ja ce amma laka ta mayar da ita baƙa, madaurinta ɗaya ya tsinke. Na jefa ta kan tulin shara na ci gaba da aikina. Can na ɗaga kai sai na ga Otosan ya taka a hankali ya je ya ɗauko ta. Bai dube ni ba, bai ce komai ba. Ya zauna a bakin ƙofa da bokiti da tsumma, ya fi rabin sa'a yana goge ta, har cikin ƙarfen maɓallin. Na je na sunkuya na ba shi haƙuri da ɗan Japanancin da nake da shi. Ya gyaɗa kai kawai. Ban tambayi ko ta wace ce ba, kuma har na bar garin ban sani ba.

Abin da idonka ke gani tarkace, shi a wurinsa gida ne. Ko kalmar shara ma ka kiyaye ta a gabansa. Duk abin da ka ciro, ka ɗaga ka nuna, ka jira. In ya ce a ajiye fasasshen kofi, ka ajiye. In ya tsaya minti goma yana juya abu a hannu bai yanke shawara ba, kada ka nuna masa kana sauri. Gara a kasa gama ɗakin a ranar. Ka sa ido musamman a kan hotuna, takardu, littafin banki, ɗan hatimin da suke bugawa a madadin sa hannu, da allunan tunawa da mamata da suke ajiyewa a wurin ibadarsu na cikin gida. Ba sai ka yi imani da abin ba kafin ka ɗauke shi da hannu biyu. Kuɗi ko abu mai daraja da aka tsinta a waje, ta hannun shugaba ake miƙa wa 'yan sanda. Akwatunan ajiyar kuɗi sama da 5,000 aka kai musu a wannan shekarar, aka kuma mayar da mafi yawan kuɗin ga masu su.

Hotuna suna da nasu hukunci. In sun manne da juna kada ka ɓare su da ƙarfi, fuskar za ta biyo hannunka. Ana jiƙa su ne a ruwa mai ɗan ɗumi, a goge lakar a hankali daga gefe, a kiyayi wurin fuska, a shanya a inuwa. In ka ga launin ya fara narkewa, ka tsaya. Na yi yini guda a wannan aikin, kuma ya fi kwata gajiyar da ni: biki, jariri, yara a bakin teku, kana riƙe da su ba ka san wa ya rage ba.

Naka hoton kuwa, ka bar wayarka a aljihu. Kada ka ɗauki mutum ko cikin gidansa sai da izini, kuma kada ka tsaya kana murmushi a gaban kufai. Mutane sun mutu a daidai inda kake tsaye.

Baki

Kada ka tambayi kowa wa ya rasa, ko yadda ya tsira. In yana so zai faɗa, yawanci lokacin hutu, yana kallon wani wuri daban. Ka saurara, kada ka katse shi, kada ka ce ka san yadda yake ji. Akwai kalmar da ake yawan faɗa a Japan, ganbatte, wato a daure a ƙara ƙoƙari. An gargaɗe mu kada mu faɗe ta ga wanda ya rasa komai, domin ya riga ya daure iya daurewa. Gaisuwa da sunkuyar da kai sun wadatar. In aka miƙo maka shayi ko alewa ka karɓa ka gode. Mutumin da ya wata biyu yana karɓa daga hannun wasu yana bukatar ya ga shi ma ya ba da wani abu. Kada kuma ka yi alkawarin da ba ka da iko a kai, ko da na cewa za ka dawo ne.

Kai ma abin zai taɓa ka. Wasu a can yake kama su, ni sai da na koma Tokiyo na ga fitilu da shaguna cike, na ji haushin da ban san dalilinsa ba, barci ya ƙi zuwa na 'yan kwanaki. Ka yi magana da waɗanda kuka je tare. In ya ƙi wucewa ka ga likita.

In kana da hali, ka koma bayan 'yan jarida sun watse. A hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu mutane sun yi yawa har wasu cibiyoyi suka dakatar da karɓa, bayan hutun kuma hannuwa suka ragu alhali aikin na nan. Daga baya aikin kan canja kama: taya mutane ƙaura zuwa gidajen wucin gadi, zama da tsofaffin da aka raba da maƙwabtansu, taya masunta gyaran igiyoyin kiwon kawa. Jirgin ƙasan da ya haɗa Sendai, babban birnin lardin Miyagi, da Ishinomaki ta bakin teku sai a watan Mayun 2015 ya dawo aiki gaba ɗayansa, ka ga tsawon tafiyar.

Kafin ka bar sansani, ka cika takardar rahoto da kyau, domin rukunin da zai gaje ka bai san gidan ba. Ka rubuta abin da aka gama, abin da ya rage, kayan aikin da za a buƙata, da abin da mai gida ya ce. A ta gidan Otosan na rubuta cewa ɗaki biyu sun kammala, saura kicin da kwatar gefen gabas, a zo da ƙananan shebur, kuma duk abin da ke kan kantar bakin ƙofa kada a taɓa shi, har da jar jakar.